Daga tashar Kano zuwa yarjejeniyar Artemis: Me Najeriya ta riƙe a hannu?

A ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a kumbon Friendship 7, ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawunsa daga ƙasa tana Kano. Hukumar NASA ta Amurka ce ta kafa ta domin shirin Mercury, wanda ya share fagen saukar ɗan Adam a duniyar wata a Yulin 1969.

Tashar ta daɗe da rufewa, kuma duk wanda ya yi aiki a cikinta yana ɗan shekara 20, yau ya haura 80. Najeriya ta ba da fili, amma shirin da ilimin da aka tara na masu tashar ne.

Wannan tarihi ya sake zama abin dubawa tun Disambar 2022, lokacin da ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa duniyar wata. Sa hannu kaɗai ba ya samar da injiniya. Abin da ya taɓa samarwa shi ne horo: tauraron NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011, injiniyoyin hukumar NASRDA ne suka haɗa shi a Surrey ta Ingila. NigComSat-1R kuwa, da aka harba a Disambar 2011, an ƙera shi ne don aikin shekara 15.

A nan ne garuruwa irin Potiskum suka shigo cikin lissafi. Jihar Yobe na fama da kwararowar hamada, kuma kasuwar shanun Potiskum, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ta dogara da makiyaya da burtalai waɗanda hotunan tauraron ɗan Adam ke iya nuna halin da suke ciki. A garin akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, inda ake horar da malaman da za su koyar da masu karanta irin waɗannan hotuna.

Aiki biyu ke gaban masu tsara kasafi a Abuja: a naɗi bayanan tsofaffin ma'aikatan tashar Kano tun suna raye, sannan a sanya horar da 'yan ƙasa ya zama sharaɗi a duk kwangilar sabon tauraro.