Cinikin Dila A Ɗaure, Wa Ke Ɗaukar Hasara?

Wannan magana ce ga fatake da malamansu bisa wani irin ciniki da ya yawaita a kasuwannin Kano, musamman Kantin Kwari, watau sayen haja daga ƙasar Sin ta cikin waya, alhali mai saye bai gan ta da idonsa ba.

Fataken dā masu zuwa Gwanja sayo goro sukan yi watanni bisa hanya. Suna da madugu uban tafiya mai shiryawa da sarakunan hanya, suna da mai masauki a Salaga wanda ke tsaya musu, da dillali mai cin la'ada. Falke yakan kwance huhu ya dubi goronsa, ya tsince ruɓaɓɓe, ya yayyafa ruwa. In jaki ya faɗa rafi, duk ayari sun san kayan wane ne suka salwanta. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai yadi ya riƙa zuwa ta Ikko, ɗan kasuwa ya shiga kanti ya taɓa, kana ya biya. Daga baya aka kafa masaƙu a gida, ta Kaduna ta soma aiki a 1957. Da yawancinsu suka durƙushe a farkon ƙarnin nan, attajirai suka fuskanci birnin Gwanzu na ƙasar Sin, suna zuwa da ƙafarsu.

Annobar korona ta 2020 ta yanke wannan zirga-zirga, ciniki ya koma cikin waya. Ana aiko hoton atamfa ko shadda ta WhatsApp, ko mutum ya gani a Alibaba, ya ba da kafin alƙalami, ya cika ragowar kafin a ɗora kaya, wani wakili ya haɗa kayan mutane da dama cikin kwantena guda. Lalle akwai alheri a ciki, gama yaron kanti mai ɗan jari yanzu yana iya sayowa daga masaƙa, abin da dā sai ubangidansa. Amma madugu ya fita daga tafiyar, mai masauki ya fita, ba a kuwa sa kowa a gurbinsu ba.

Hanya ba ta daina cin kaya ba don an daina ganinta. A watan Maris na 2021 jirgin ruwa guda, Ever Given, ya gitta a mashigin Suwez kwana 6, jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko. Daga ƙarshen 2023, saboda hare-hare a Bahar Maliya, manyan jirage suka riƙa kewayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dakon kwantena ya tashi har a hanyoyin da ba su bi ta can ba. A gida kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati cikin Yunin 2023, ta haura 1,500 cikin Fabrairun 2024. Wanda ya ba da kafin alƙalami kafin haka, ya zo cikawa bayan haka, shi ya san abin da ya gani. Manyan kamfanonin duniya sun ɗauki darasi: sun rage dogara ga ƙasa guda, suna raba saye tsakanin Sin da Indiya da Biyetnam, suna ajiye kaya a sito maimakon jiran jirgi, suna kuma aika masu duba haja kafin a rufe kwantena. Ƙaramin falke ba shi da ƙarfin yin duk wannan. Abin da yake iyawa shi ne ya gyara ƙulla cinikinsa, nan ne kuwa malamai suka shigo.

Malaman Malikiyya ba baƙi ba ne ga sayen abin da ba a gani ba. Imamu Malik ya halatta sayar da dila a ɗaure bisa barnamaji, watau takardar da ta bayyana abin da ke ciki, adadinsa da siffarsa, domin kwance kowace dila yana ɓata kaya. In an kwance an iske ta dace da takarda, ciniki ya lizimci mai saye. In ta saɓa, yana da bakin magana. To, hoto ba barnamaji ba ne. Hoto ba ya faɗin ko turmin ya cika yadi 6, ko auduga ce ko zaren roba, ko rinin zai zuba a wankin fari. Wanda ya saya bisa hoto kaɗai, ranar jayayya ba shi da abin da zai ajiye gaban alƙali.

Sai maganar kuɗi. Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san an bambanta abu biyu. In haja tana nan ajiye a wuri mai nisa, ya halatta a saye ta bisa siffa, amma ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ta zo. In kuwa haja ce a wuyan mai sayarwa zuwa wani ajali, wannan salam ne, sai an san siffa da awo da ajali, a kuma biya kuɗin duka nan take ko cikin kwana 3. Biyan wani kaso yau, ragowa bayan wata biyu, bai zauna daidai cikin ko ɗaya ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yarda a jinkirta kuɗi ko a rarraba shi in ciniki na sa a ƙera abu ne, da sharaɗin a bayyana jinsi da adadi da siffa da ajali. Ashe ke nan falke yana bukatar ya san wanne yake yi, sayen ajiyayye ko sa a saƙa. Da yawa ba su taɓa tambaya ba, malamai da yawa kuma ba a taɓa kai musu takardar kwantena sun duba ba.

Mafi nauyi duka ita ce hasarar hanya. A mashahurin zancen mazhaba, hajar da ba ta halarto ba tana wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in an sharɗanta akasin haka. A ƙa'idodin da aka fi yin cinikin teku da su kuwa, da zarar kaya sun hau jirgi sun fita daga wuyan mai sayarwa. Falke yana zaune a rumfarsa yana zaton kaya na wuyan masaƙa, masaƙa kuwa ta wanke hannunta tun a bakin tekun Sin. Ga wakili a tsakani, wanda ba a fayyace ba ko amintacce ne da ba ya biya sai in ya yi sakaci, ko ɗan dako ne mai lamuni. Dila ta jiƙe tsakanin Apapa da Kano, zumuncin shekaru ya ɓaci a kanta.

Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin da ya kamaci shugabannin kasuwa shi ne su zauna da malaman da suka san babin ciniki su fitar da takarda guda, da Ajami da Boko, wadda kowane falke zai cika kafin kuɗinsa ya fita: irin zare da awon turmi, ranar ɗora kaya, kuɗin da za a yi lissafi da shi, dala ko naira, wanda zai kwance dila ya duba a can, da wanda hasara ke wuyansa a masaƙa, da bisa ruwa, da bisa mota daga Ikko. Wakili ya sa hannu, shaidu biyu su sa nasu.