Kuna ƙirga mu, wa ke riƙe da lissafin?

Jama'a, mu daina ruɗin kanmu. Ƙungiya ta buɗe shafin intanet, ta liƙa masa Google Analytics saboda "kyauta ne", sai ta riƙa yi wa masu ba da tallafi alfahari da yawan baƙi. To kyautar me? Duk wanda ya shigo, ana rubuta garin da yake, irin wayarsa, shafin da ya karanta da mintin da ya ɗauka, kuma bayanan na tafiya rumbun Google. Yarinyar da ta shiga da dare tana neman yadda ake kai ƙarar fyaɗe, ita ma an ƙirga ta. An tambaye ta? Ko kusa.

A Fabrairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta ce amfani da wannan manhaja ya saɓa wa dokar Turai, don bayanan na ƙetarawa Amurka. A 2023 Turai da Amurka suka daidaita tsakaninsu. Mu fa, wa ya zauna da mu? Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, ga hukumar HAPDP a Yamai, amma ƙungiyoyin fararen hula nawa suka taɓa buɗe dokar nan?

Kuma wallahi lambobin ma ba duka mutane ba ne, akwai na'urori masu yawo a ciki.

Akwai Matomo, kana girka shi a naka rumbun, bayanan su tsaya hannunka. In aikin ya yi maka yawa, cire ma'aunin gaba ɗaya.