Kifi Ba Ɗaya Ba Ne

Akwai maganar da ke yawo a bakin ƴan makaranta, wai mu ƴan Maraɗi me ya haɗa mu da zancen teku? Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, a bar masu teku su ji da kifinsu. Wannan zancen masu ƙoshi ne. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin cefane a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san kifin firigon da ake soyawa a bakin tasha ba daga gulbi ya fito ba. Daga tekun Atilantika yake, ya sauka a tashar jiragen ruwa, ya sha tafiyar kwanaki cikin mota. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Kwatano ta toshe, ai kowa ya ji a aljihunsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A bakin masunci babu wani abu wai shi "kifi" kawai. Akwai tarwaɗa, akwai karfasa, akwai ƙurungu, akwai giwan ruwa, akwai gaiwa wadda ke shigewa cikin laka ta jira damina. Kowane da lokacin haihuwarsa, da abincinsa, da kuɗinsa a kasuwa. Amma a takardar manyan kamfanoni duk an tattara su cikin kalma ɗaya, ana auna su da tan kamar siminti. Daga nan ɓarna ke farawa.

Koma ba ta zaɓe. Jirgi ya fita neman kifi mai tsada, sai ya kwaso har da mai araha da ƴan ƙanana. In doka ta sa iyaka ɗaya a kan jimillar kamu, mai jirgi zai cika rabonsa da mai tsadar, ya watsar da sauran matattu cikin ruwa. Ran da mai tsadar ya ƙare, sai ya koma kan na biye da shi. A takarda tan bai ragu ba, a cikin ruwa kuwa iri guda ya tafi. Kanada ta ga haka: a 1992 dole ta hana kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland, dubban mutane suka rasa sana'a, jirage suka koma kan ƙaguwa da jatan lande.

Abin da ake yi a yammacin Afirka ya fi wannan ciwo. A Nuwadibu ta Muritaniya, da Senegal, da Gambiya, an kafa masana'antu masu niƙe ƙaramin kifi irin sardinel, wanda ƴan Senegal ke kira yaboy, su mai da shi gari da mai. Sai an niƙe kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na gari. Garin nan ana kai shi Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Rahoton Greenpeace da Changing Markets na 2021 ya ce abin da ake kwashewa haka ya haura tan dubu 500 a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Masanan FAO kuma sun daɗe suna cewa kamun sardinel ya wuce ƙima. Wato abincin talaka ake ba dabbar mai kuɗi.

Za a ce ai masana'antun suna kawo aiki da kuɗin waje. To matan da ke banda kifi suna sayarwa fa, su ba aiki suke yi ba? Kuma in an niƙe uwa da ƴaƴa, baɗi me injin zai niƙa?

Kada mu tsaya zagin na nesa kawai. Gulbin Maraɗi da ke ratsa ƙasar Gidan Rumji ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya. Tabkunan da suka rage mana kaɗan ne, wasu ba su kai bazara. Amma duk da haka za ka ga an tace tabki da raga mai ƙananan idanu, wani ma da gidan sauro, a kwashe ƴan karfasar da ba su kai yatsa ba. Wannan da jirgin Nuwadibu halinsu ɗaya, girman koma ne ya bambanta.

Kakanninmu ba su jira littafi ba. Sarkin ruwa shi ke cewa yau a shiga, yau a bari. A Argungu har yanzu ana tsare Matan Fada sai ranar biki. Nijar ma tana da dokar kamun kifi tun 1998. Doka na nan, al'ada na nan, mai tsayawa a kai ne babu.

Don haka, ƴan uwa ɗalibai, hutun nan kowa ya je wajen masuntan garinsu da alƙalami. A rubuta sunan kowane kifi, da watan da yake ƙwai, da kuɗinsa, da wanda aka daina gani. Mu kai wa magajin gari da ma'aikatan ruwa da daji, mu nemi a rufe tabki lokacin haihuwa, a hana ƙaramar raga, a riƙa ƙidaya kamu iri-iri. In ba mu yi ba, ƙannenmu za su tarar da ƙurungu a ƙamus kawai.