Agogon Zafi Ba Ado Ba Ne

'Yan'uwa mazauna Kudu, duk wanda ya taɓa hawa Vespa a Bauchi ya san injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ire-irensa, kamar Rotax 582, ake ɗaura wa ƙananan jiragen sama masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Wasu matuƙa na cewa kunne ya isa, agogon auna zafi ɓarnar kuɗi ce.

To, a ganinmu wannan ganganci ne. A irin wannan inji, idan iska ta rinjayi fetur sai zafi ya hau, fistin ya kumbura, ya cije. Sau da yawa kunne ba ya jin komai sai aikin gama ya gama. Kuma ba bazara kaɗai ce abin tsoro ba: iskar sanyin hunturu ta fi nauyi, ita ma tana rinjayar fetur. Kamfanin Rotax ya ƙayyade kada zafin hayaƙin salansa ya wuce digiri 650. Wane kunne ne zai auna wannan?

Mai babur, in inji ya cije masa a Wunti, sai ya tura zuwa wurin makaniki. Mai jirgi fa, ina gefen titi a sararin sama? A sa agogo, jama'a. Rigakafi ya fi magani.