Kafin Ka Ɗora Tsohon Zarto a Kan Sikeli

A watan jiya na je gida Banyo daga Garwa, sai na iske ƙanena ya tara tarkacen ƙarfe zai sayar wa ƴan gwangwan. A ciki har da zarton marigayi mahaifinmu, dogon nan mai ƙota biyu da mutum biyu ke ja. Na ce, "Haba ƙane, abin da ya tsaga katakon rufin gidan nan za ka sayar a kilo?" Ya ce, "Yaya, ai tsatsa ta gama da shi."

Ba ta gama da shi ba. Da na goge gefen ƙota da kananzir, sai ga hoton zaki. Wannan tambarin Peugeot ne. Da yawanmu mota muka san su da ita, alhali tun 1810 suka fara harkar ƙarfe a Faransa, suna ƙera zarto, kuma a 1858 suka yi rajistar zakin. Za ka iya cin karo da Spear & Jackson na Ingila, ko Sandvik na Suwidin mai tambarin kifi da ƙugiya. Amma kada wani ya ruɗe ka da "tun zamanin Jamus". Ƙarfe ake saya, ba labari ba.

Ga yadda ake gwadawa. Ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya, ka ga ko ya miƙe. Lanƙwasa shi kaɗan ka sake. Mai kyau zai koma yadda yake. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma in ta yi ramuka a bakin haƙora, ko ƙarfen ya tsage, ka haƙura. Sannan ka dubi haƙoran: na tsagawa bisa tsawon gungume bakinsu kamar kurfi yake, na datsewa kuwa kamar wuƙa.

Wajen gyara, cire ƙota tukuna. Jiƙa ƙarfen da kananzir, ka kankare da reza, ka bi da samfefa mai laushi bisa tsawonsa, kana sassauta hannu a kan tambari. Kada ka kai shi injin wasa wuƙa. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfe. Ka bi kan haƙoran da shimfiɗaɗɗen magagari har tsayinsu ya zo ɗaya, sannan ka wasa su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a karkata bakinsu kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu. In babu wannan, ɗanyen katako zai riƙe zarton. Daminar Banyo doguwa ce, don haka a shafa mai a rataye shi, ban da jingina a ƙasa.

Sabbin zartuna da yawa an ƙona bakin haƙoransu, magagari ba ya cinsu. In sun dakushe sai bola. Tsohon kuwa sai dai a yi ta wasawa, kuma ba ya shan fetur. Wani tsohon kafinta ne ya taya ni karkata haƙoran, yanzu ma shi ke hayar zarton, kuɗin na shiga hannun ƙanena. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku da ke nesa da gida, ku buga waya ku tambayi abin da ake fitarwa daga ɗakunan iyaye. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.