Kafin Ka Ɗora Wa Jarumarka Sikila



A labaran da ake turowa WhatsApp da Wattpad kwanakin nan, sikila ta zama gajeriyar hanyar sa mai karatu kuka. Jaruma kyakkyawa, siririya, ta yanke jiki ta faɗi a babi na goma, a yi mata ƙarin jini, ta rasu ana saura kwana uku ɗaurin aure. A ganina wannan ragwanci ne, kuma masu ciwon suna cikin masu karanta mu.

Abin da mai amosanin jini ya fi sani a rayuwarsa shi ne ciwon ƙashi. Jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin ɓargo. Inda jini bai isa ba sai wurin ya fara mutuwa, daga nan raɗaɗin ke tasowa, a baya, ƙirji, cinya ko ƙwauri, wani lokacin kwana da kwanaki. Jariri yakan fara da kumburin hannu da ƙafa tun bai shekara ba, uwa tana zaton kambun baka ne. Idan ya girma, kan ƙashin cinya da ke shiga cikin kwatangwalo na iya lalacewa, sai ka ga saurayi ɗan shekara 20 yana ɗingishi, zaman tahiya ma yana yi masa wuya. Ƙashin kuma na saurin kamuwa da ƙwayar cuta har ya yi mugunya. Ina duk wannan a littattafanmu? Babu, sai suma.

Ciwon kuma ba don ran jaruma ya ɓaci kaɗai yake tashi ba. Sanyin hunturu, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin cizon sauro da aikin wahala su ne manyan masu tayar da shi. Ga labari nan a ƙofar gidanmu: yarinya a Ɗan Isa ko wani ƙauyen Zurmi ciwo ya tasar mata ƙarfe biyun dare, hanyar Kaura Namoda ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, balle a yi zancen Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Me uwarta ke yi kafin asuba? Ruwan ɗumi, tausa, addu'a. Idan an kai ta asibiti ta roƙi allura mai ƙarfi, wani ya yi mata kallon 'yar ƙwaya. Wannan daren kaɗai ya isa babi guda.

Sai lissafi, inda muke yawan kwafsawa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin 4 na zuwa da SS. Ba wai ɗa na huɗu ne zai ɗauka ba. Ana iya haifar uku a jere da shi, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, don haka zancen ya riga ya shiga zaure.

Kada kuma kowane ciwon ƙashi ya zama sikila a alƙalaminka. Akwai wanda likitoci ke kira mayalofaiburosis, inda tabo ke cike gurbin ɓargo har ya kasa yin jini, saifa ta kumbura, ƙasusuwa su yi ta ciwo. Wannan ya fi kama dattijai, kuma ba a haihuwa da shi.

Ba na cewa kada jaruma ta mutu, ana mutuwa. Amma akwai masu SS da ke shan folik asid da Hydroxyurea, suna karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaura, suna aure, suna haihuwa, suna faɗa da kishiya. Nemi ɗaya daga cikinsu, ka roƙi izininta, ka tambaye ta yadda take shirya wa watan Disamba.