Kunkuru ma ana mai da shi daji

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata zancenmu na kunkuru ne, babban nan na tudu mai ginar rami cikin rairayi. Shi ne na 3 wajen girma cikin duk kunkurun tudu na duniya. Tsofaffinmu sun san shi a dajin arewa. Yau sai mutum ya yi shekaru yana kiwo bai gamu da ko ɗaya ba. Wutar daji ta ci wasu. Bisashe sun cinye ciyawar da yake ci. Sauran an kwashe su zuwa gidaje da kasuwa, har ƙasashen Turai.

To, daga can Turai ɗin wasu suka komo. Akwai wata ƴar ƙasa a bakin teku, maƙwabciyar Faransa, sunanta Monako. Shugaban Mali na lokacin, Amadu Tumani Ture, ya taɓa ba sarkinta kyautar kunkuru. Aka ajiye su, aka kula da su, suka hayayyafa. A watan Disamba na 2022 aka sa ƴaƴansu 46 cikin jirgin sama sai Senegal, garin Noflay kusa da Dakar, inda akwai gida na musamman don renon kunkuru.

Ba a sake su nan take ba, kuma nan ne abin lura yake. Dabbar da ta tashi a hannun mutum tana iya ɗauko ciwo ta kai ma na daji. Sai likita ya duba ta, an tsare ta wata da watanni. Ga shi ta saba a kawo mata abinci. Dole ta koyi neman ciyawa da kanta, ta koyi ginar ramin da za ta ɓuya lokacin bazara, in ba haka ba rana ta kashe ta. Tun a 2006 an saki 24 a dajin Ferlo, ƙasar Fulani makiyaya ta Senegal, ana bin sawunsu.

Ku dubi wahalar: jirgi, likita, masu gadi, duk don abin da yaro ke ɗaukowa a banza a bayan gari. A ganina barinsa cikin raminsa ya fi sauƙi nesa.

Wanda ke da shi a gida kuma, kada ya kai shi daji ya yar. Ya fara shaida ma ma'aikatan gandun daji na yankinsu.